Amsoshin Wasiƙunku: Abin da Zoɓo Ke Yi wa Jiki da Abin da Ake Ɗora Masa

Tun da zafin bazara ya kankama, wasiƙun da ke iso wa wannan fili suka karkata ga abu ɗaya, wato zoɓo, wanda maƙwabtanmu Fulani ke kira follere, mutanen Chadi kuma ke cewa karkanji. Ba abin mamaki ba ne, domin a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa da Marwa ke haura digiri 40, da wuya mutum ya tsaya a tasha ko a bakin kasuwa bai ga yarinya da kula cike da jajayen gorori ba. Na zaɓi wasiƙu biyar, na taƙaita su, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Malam, mahaifina ya haura shekara 60, kuma shekara uku ke nan yana shan maganin hawan jini. Wani abokinsa ya ce masa zoɓo ya fi ƙwayar asibiti, shi ne ya ajiye maganin ya koma shan zoɓo safe da yamma. Da muka auna shi a kantin magani mun sami 170 bisa 100. An kuma ce mana mai sanyi ne ke saukar da jini, mai zafi ɗaga shi yake yi. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga wani mai karatu a unguwar Hausare, Garwa.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya ba Baba lafiya, Ya saka maka da alheri bisa kulawar da kake yi masa. Kafin na shiga bayanin zoɓo, ina roƙonka ka lallashe shi ku koma wurin likitansa a cikin makon nan, ku tafi da kwalin maganin da ya ajiye, ku kuma faɗa wa likitan gaskiyar tsawon lokacin da ya yi bai sha ba. Awon 170 bisa 100 ba abin da za a zauna a kansa ba ne, tunda daga 140 bisa 90 ake fara kiran abu hawan jini.

Abokin Baba bai ƙirƙiri maganarsa daga iska ba, akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, kuma wannan ne ya sa take da haɗari. A shekarar 2010 masu bincike a Jami'ar Tufts da ke Amurka sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da mutum 65 waɗanda jininsu ya ɗan hau amma ba su fara shan magani ba. An ba wasu kofi uku na zoɓo kowace rana har mako shida, an ba sauran wani abin sha mai kama da shi wanda babu zoɓo a ciki. Waɗanda suka sha zoɓon, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kimanin maki 7, sauran kuwa da ƙyar ta sauka da maki ɗaya da ɗoriya. An yi irin wannan gwaji a Meziko da Iran da Najeriya, kuma akasari alƙibla ɗaya suka nuna, cewa zoɓo yana sassauta jijiyoyin jini, yana kuma ɗan ƙara fitsari. Wannan abin farin ciki ne, musamman da yake tsiron nan a bayan gidajenmu yake fitowa.

To, amma mu yi lissafi da awon Baba. Idan aka cire 7 daga 170, saura 163, wato har yanzu jinin yana can sama inda yake cin ƙoda da idanu da zuciya ba tare da mai shi ya ji komai ba. Mutanen da aka yi gwajin da su masu ƙaramin hawan jini ne, ba irin waɗanda likita ya riga ya ɗora a kan magani shekara da shekaru ba. Na taɓa zama kusa da wani dattijo mai sayar da yadi wanda ya yi daidai abin da Baba ya yi, yana cewa ai kansa ya daina ciwo, jikinsa garau. Wata asuba aka same shi a kan buzun sallarsa, baki ya karkace, hannun dama ya ƙi ɗaguwa, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai sake riƙe almakashi ba. Ban kawo labarinsa don na tsorata ka ba, sai don ka san cewa rashin ciwon kai ba shi ne shaidar saukar jini ba. Abin awo ne kaɗai ke ba da wannan shaida.

Idan likita ya mayar da shi kan magani, ku sanar da shi cewa Baba yana son zoɓo, domin wasu magungunan hawan jini su ma fitsari suke sawa, kuma idan aka haɗa su da zoɓo mai kauri jinin kan iya sauka fiye da kima har mutum ya ji jiri in ya miƙe. Abin da aka yi amfani da shi a gwajin Amurka bai kai giram huɗu na busasshen zoɓo a yini ba, wato ɗan abin da yatsu za su tsinta sau biyu ko uku, ba cikin tafin hannu a tukunya ɗaya ba. Kuma babu tulin sukari a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12, ta ce in an tsaya a rabin haka ya fi. Zoɓon da ake zuba wa sukari da gwangwani har tsaminsa ya ɓace ya riga ya bar sahun magani ya shiga sahun lemon kwalba. Rage gishiri da magi a miyar Baba ma zai yi masa aikin da bai gaza na zoɓon ba.

Batun mai zafi da mai sanyi kuwa, magana ce da ta yaɗu daga Masar da Sudan har ta iso mu, amma abin da ya narke a cikin ruwan bai san zafi ko sanyin kofi ba. Baba ya sha yadda ransa ya fi so.

Tambaya: Malam, ina da cikin wata biyar, an ce mini a asibiti jinina ya yi ƙasa. Surukata tana dafa mini zoɓo mai kauri kullum, wani lokaci ta zuba madara, tana cewa shi ne ke ƙara jini. Ƙwayoyin da aka ba ni suna tayar mini da zuciya. Ko zan iya barinsu na riƙe zoɓon? Daga wata mai karatu a Ngaundare.

Amsa: Ƙanwata, Allah Ya raba lafiya. Hajiya ƙauna ce ta sa take tsayawa a bakin murhu dominki, saboda haka duk abin da za a gyara, a gyara shi cikin ladabi. Sai dai jan zoɓo da jan jini ba danginsu ɗaya ba. Launin zoɓo daga wani sinadarin tsirrai yake da ake kira antosayanin, jini kuwa sinadarin ƙarfe ne ke ba shi launinsa, kuma abin da ke sauka na ƙarfen nan a cikin kofin zoɓo kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada shi da buƙatar mai juna biyu. Ido ne ya haɗa su, jiki bai haɗa su ba. Madarar da ake ƙarawa ma ba ta taimaka wa wannan buƙata, domin madara ba ta da ƙarfe mai yawa, tana ma rage yadda hanji ke tsotsarsa idan aka sha su tare, kamar yadda baƙin shayi ke yi.

Kada ki bar ƙwayoyin. Ki koma wurin ma'aikaciyar awo ki gaya mata suna tayar miki da zuciya, domin sau da yawa sauya lokacin sha, kamar a sha bayan abincin dare, yana kawo sauƙi, kuma baƙin bayan gida da suke sawa ba cuta ba ne. Ki kuma nemi a duba ki ko da zazzaɓin cizon sauro ko tsutsar ciki, waɗanda su ne manyan ɓarayin jini a ƙasarmu, ki riƙa kwana cikin gidan sauro. A ɓangaren abinci, nama da kifi da wake da ƙwai da ganyaye irin su zogale da alayyafo sun fi zoɓo nesa ba kusa ba. Ita kanta yakuwar, ganyenta a miyar gyaɗa da kifin Binuwai, abinci ne mai kyau da babu dalilin guje masa.

Game da zoɓo mai kauri a kullum, shawarata ki dakatar da shi har ki sauka. Gwaje-gwajen da aka yi wa dabbobi masu ciki da zoɓo mai ƙarfi sun nuna yana taɓa cin abincin uwa da girman 'ya'ya, shi ya sa likitoci ke jan kunnen masu juna biyu a kansa, ga shi kuma yana saukar da hawan jini alhali mai ciki a tsakiyar watanninta lambar awon hawan jininta kan ɗan sauka da kanta. Kurɓin da kika yi a gidan biki ko suna kada ya hana ki barci, shan sa a matsayin magani safe da yamma ne abin da nake hana ki. Idan faɗa wa Hajiya zai yi miki nauyi, ki sa maigidan ya raka ku awo tare da ita, ta ji daga bakin ma'aikaciya.

Tun da muna kan haɗuwar zoɓo da magani, bari na ƙara wannan domin amfanin kowa. Wani bincike da aka yi a Sudan a shekarar 1994 ya gano cewa shan zoɓo ko tsamiya ko lemun tsami tare da ƙwayar kulorakwin ta zazzaɓin cizon sauro yana rage yawan maganin da ke shiga jini. Yanzu an sauya maganin zazzaɓin cizon sauro, amma darasin yana nan: ƙwaya da ruwa zalla ake haɗiye ta.

Tambaya: Malam, na ga kwalin shayi a wani kanti a Injamena da hoton babban jan fure irin wanda ake shukawa a ƙofar ofisoshi, an ce shayin hibiskus ne. Shin shi ne zoɓonmu, ko kuwa furen adon ne ake busarwa? Daga wani ɗalibi a Kusiri.

Amsa: Ɗana, abin da ke cikin kwalin zoɓonmu ne, hoton kawai aka aro daga ɗan'uwansa don ya fi ɗaukar ido. Su biyun gida ɗaya suka fito tare da rama da kuɓewa da auduga, kuma in ka dubi furen kuɓewa ka dubi na yakuwa za ka ga kamar. Sunan yakuwa a wurin masana tsirrai Hibiscus sabdariffa. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, zoɓo ba furen ba ne. Furen yakuwa fari ne mai ratsin rawaya da jan ido a tsakiya, yana buɗewa da safe, kafin rana ta faɗi ya yanƙwane. Bayan ya faɗi, kofin da ya riƙe shi daga ƙasa ne ke kumbura ya yi ja ya rufe ƙwallon iri, wannan kofin shi ne zoɓorodo. Masarawa da Sudaniyawa na ce masa karkade, Sanagal bisaf, Gana sobolo, mutanen Meziko kuma hamaika. Ba shi da kafeyin irin na shayi da gahawa, saboda haka ba ya hana barci. Abin da za ka biya a kan kwalin nan zai saya maka na mako da makonni a kasuwar Kusiri.

Tambaya: Malam, sana'ata sayar da zoɓo, da ita nake ciyar da marayuna huɗu. Matsalata biyu: ba ya kwana biyu sai ya fara kumfa ya yi warin giya, musamman in an ɗauke wuta, kuma wani lokaci launinsa ya kan yi duhu kamar ruwan rini. Ina sa kanwa kaɗan don rage tsami saboda tsadar sukari. Daga wata mai karatu a Domayo, Marwa.

Amsa: Hajiya, Allah Ya raya marayun nan, Ya sa albarka a sana'ar. Amsar tambayarki ta biyu tana cikin wasiƙarki, kanwar ce. Ki gwada da kanki: ki zuba zoɓo a kofin gilashi biyu, ki ɗiga ruwan kanwa a ɗaya, ki matsa lemun tsami a ɗayan. Nan take za ki ga na kanwar ya koma shuɗi-shuɗi mai duhu, in kin ƙara ma ya doshi kore, na lemun kuwa ya ƙara ja yana sheƙi. Launin zoɓo da tsami yake rayuwa. Kuma ba launi kaɗai kanwar ke kashewa ba, tsamin nan shi ne katangar da ke hana ƙwayoyin cuta da yawa sakewa a cikinsa, saboda haka duk lokacin da kika karya tsamin da kanwa kin rage masa kwana. Idan tsamin ya yi yawa, ki ƙara ruwa, ko ki nemi zoɓo mai duhun ja wanda yawanci bai kai mai haske tsami ba, ko ki dafa shi da ɓawon abarba da aka wanke sarai.

Kumfa da warin da kike ji kuwa aikin yis ne, irin wanda ke tayar da ƙullin fanke, yana cin sukarin da kika zuba. Daga wurare uku yake shigowa: ruwan da ake ƙarawa bayan an sauke tukunya, gororin da aka tsinto ba a wanke da kyau ba, da hannu ko mazurari. Ki tafasa dukkan ruwan da zai shiga zoɓon, har wanda za ki sirka da shi. Ki ɗauraye busasshen zoɓon da sauri cikin ruwan sanyi don yashi da ƙura su fita, kada ki bar shi ya jiƙa a nan, in ba haka ba launin ya tafi da ruwan wanki. Ki fara tafasa citta da kanumfari, sannan ki zuba zoɓon ya yi kamar minti goma, ki sauke ki rufe ya tsumu, domin doguwar tafasa tana dusashe launi da ƙamshi. Ki zuba sukari tun yana da zafi, ki tace da ƙyalle mai tsabta wanda ba a aikin komai da shi sai wannan. Gorori kuma a wanke su da sabulu ciki da baki da murfi, a ɗauraye da ruwan da aka tafasa ya huce, a kife su bushe. Ƙanƙara ta zauna a cikin kula a gefen gorori, kada ta shiga cikin zoɓon, tunda ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba. Mu da muka ga abin da kwalara ta yi a Arewa Mai Nisa a shekarar 2010 ba ma buƙatar a yi mana dogon wa'azi a kan ruwa. A lokacin da wuta ba ta da tabbas, gara ki dafa na yini ɗaya ya ƙare, da ki dafa na kwana uku ki zubar da rabi.

Akwai wani abu da ba ki tambaya ba, amma ba zan iya wuce shi ba, shi ne tukunya. Tukwanen nan na zubi da maƙera ke yi da tarkacen alminiyam, irin su sassan injin mota da gwangwanaye, an gwada wasunsu da aka ƙera a nan Kamaru, aka wallafa sakamakon a shekarar 2014, inda aka ga suna sakin darma da alminiyam idan aka dafa abu mai tsami a cikinsu. Zoɓo kuwa yana cikin mafi tsamin abin da muke dafawa, kuma kowace mace ta san yadda yake fitar da cikin tukunya fes kamar an goge ta da toka. Abin da ya bar jikin tukunyar nan, cikin ruwan ya shiga. Darma tana taɓa ƙwaƙwalwar yara, su ne kuma manyan masu sayen zoɓo a ƙofar makaranta. Idan hali ya samu, ki tanadi tukunyar ƙarfen da ba ya tsatsa domin wannan aiki kaɗai. Kafin nan, ki tafasa ruwa zalla a tukunyar da kike da ita, ki juye shi a kan zoɓon a cikin tukunyar ƙasa marar fenti, ki rufe ya tsumu a can.

Tambaya: Malam, mun saba shuka yakuwa a iyakar gona don miya kawai, amma bana ina so na ba ta fili sosai don na ji ana saye da buhu. Me zan kiyaye? Daga wani manomi a ƙasar Gidar.

Amsa: Malam, Allah Ya ba da damina mai albarka. Abu na farko, ka shuka da wuri, da zarar ruwa ya zauna a watan Yuni ko farkon Yuli. Yakuwa ba ta fure sai yini ya fara gajarta, wajen Satumba zuwa Oktoba, ko yaushe aka shuka ta, saboda haka wadda aka shuka a makare za ta yi fure tana ƙarama, rassa kaɗan, zoɓo kaɗan. Tana jure ƙasa mai yashi da ƙarancin taki fiye da masara ko auduga, amma ba ta son inda ruwa ke kwanciya, kuma kada ka maimaita ta a fili ɗaya shekara bayan shekara ko ka sa ta inda kuɓewa ta tashi, saboda tsutsar saiwa. Ka kuma ware irin, kada ja mai duhu ya gauraya da mai haske ko da farin da ake miya da shi, domin mai saye launi ɗaya yake nema a buhu.

Wahalar ba a noma take ba, a girbi take. Ana tsinkar zoɓo kamar mako biyu zuwa uku bayan furen ya faɗi, kuma ba ya nuna lokaci ɗaya, sai an yi ta zagayawa. Na tuna mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, tana zaune a inuwar rumbu da kwando a gabanta, tana tsaga kowane ɗaya tana fitar da ƙwallon iri, yatsunta sun rine ja, ƙaiƙayin ƙwallon yana cin hannunta har wuyan hannu, ga tarin da aka yini ana ɓarewa in ya bushe bai cika ƙwarya biyu ba. Ka sa wannan a lissafinka tun kafin ka faɗaɗa gona, domin wajen kilo goma na ɗanye ne ke ba da kilo ɗaya busasshe, kuma hannu ne ke yin aikin duka.

Wurin shanya ne manoma da yawa ke zubar da kuɗinsu. Kada ka baza shi a ƙasa ko a gefen kwalta inda ƙura da akuya da hayaƙin mota za su same shi. Ka shimfiɗa tabarma ko tamfol mai tsabta, a baza shi ba kauri, a riƙa juyawa, a kwashe kafin raɓa ta sauka, har sai ya bushe yana ƙaras-ƙaras a hannu. Wanda aka ɗura a buhu da sauran danshi zai yi fumfuna ya baƙanta. Zoɓon yankinmu na Sahel, daga Kordofan ta Sudan zuwa Jigawa ta Najeriya, har Meziko da Jamus da Amurka yake kaiwa, kuma masu sayen can ba sa wasa da tsabta. Meziko ta taɓa dakatar da sayen na Najeriya na tsawon shekaru saboda wani ƙwaron rumbu da aka gani a cikin kaya. Saboda haka ka yi amfani da sabon buhu, ba wanda aka zuba hatsi ko takin zamani ko maganin auduga ba, ka ɗora shi a kan katako nesa da bango. Kafin ka shuka ma, ka je kasuwa ka ji ta bakin masu auna shi irin launin da suke so, ka kuma nemi manoma biyu ko uku ku haɗa kaya, domin mai mota ba ya zuwa ƙauye saboda buhu ɗaya.

Irin da aka fitar kuma, wato gurguzu, kada a watsar da shi. Ka ware na shukar baɗi daga tsirran da suka fi ƙiba da duhun ja, sauran ka ba iyali su dafa su rufe ya ruɓa a yi daddawar batso, wadda Fulanin nan ke kira mbuuja, tana da masu saye a kasuwannin Gidar da Marwa har cikin rani.